Amanar Yaro: Wa Za A Tambaya Ranar Gobe?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata magana da ba ta ƙarewa a majalisun magidanta na ƙasar Batsari da Safana, watau maganar makarantar firamare ta gari. Wani ya ce ɗansa ya shekara shida yana zuwa, amma har yanzu in an aiko wa gidan da takarda sai an nemi mai karantawa a waje. Wani ya ce shi tun da aka fara jin harbi a yammacin gari ya hana 'ya'yansa fita, don gara jahili mai rai da mai ilimi a hannun 'yan bindiga. Wani kuma ya ce ai shi ya sauke nauyi tun ranar da ya kai yaro aka rubuta sunansa a rajista, sauran kuwa tsakanin malamai da gwamnati. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da guntun gaskiya a bakinsa. To, amma tambayar da ke ƙarƙashin dukan wannan ita ce: idan yaro ya tashi bai iya karatu ba, bai iya rubutu ba, bai san lissafi ba, alhakinsa yana wuyan wa? Uba ne za a tambaya, ko malami, ko hukuma?

Abin Da Iyaye Suka Gani

Kafin a yanke wa kowa hukunci, wajibi ne a saurari abin da idanunsa suka gani. Ƙasar Katsina ba baƙuwar ilimi ba ce. Hasumiyar Gobarau shaida ce, haka kuma sunayen Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina. Ko ilimin zamani ma, Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ita ce ta yaye irin su Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Duk da haka, a zamanin En'e talakan ƙauye bai yarda da elemantare ba. Hakimi ya aiko wa dagaci da adadin yaran da ake so, dagaci ya bi masu unguwa, iyaye kuwa su ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko su tura su gabas karatun allo. Dattawa har yanzu suna ba da labarin yadda masu hali suka riƙa miƙa 'ya'yan barorinsu a madadin nasu, daga baya kuma suka ciji yatsa.

A shekarar 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka sani da UPE. Aka gina azuzuwa a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba, aka ɗebi malamai cikin gaggawa, yara suka cika maƙil. A 1999 aka sake sabon shiri a Sakkwato mai suna UBE, sa'an nan dokar 2004 ta mai da karatun shekara tara, watau shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta kuma tilas. Zuwa wannan lokaci iyaye da yawa sun riga sun sauko daga ƙiyayyar da kakanninsu suka yi wa boko, domin sun ga ɗan maƙwabci ya zama malamin asibiti, sun ga 'yar wane ta zama ungozoma, sun ga amfanin abin da idonsu.

Sai dai abin da suka tarar a makarantar ba kullum yake faranta rai ba. Akwai uban da ya leƙa ya ga iskar farkon damina ta yaye kwanon aji, yara suna zaune a ƙasa babu benci. Akwai wanda ya tarar da malami ɗaya yana kai da komowa tsakanin aji biyu ko uku. Akwai ƙauyen da malamansa duk a cikin gari suke kwana, sai rana ta take su iso bisa babur, kafin azahar sun juya. Akwai uwar da aka ce mata karatu kyauta ne, amma yau kuɗin alli, gobe na tsintsiya, jibi na jarrabawa. A gefe guda kuma, adalci ne a faɗi cewa iyaye sun ga malaman da suka riƙe aikinsu da tsoron Allah, suna sayen alli da kuɗin aljihunsu, suna bin yaro har gida in sun ga kwana biyu bai zo ba.

Bisa ga wannan duka sai ga masifar 'yan bindiga daga dajin Rugu, wanda ya yi iyaka da ƙananan hukumomin nan biyu ya miƙe har cikin Zamfara. Ƙauyuka suka watse. A 2019 azuzuwan firamare a garin Batsari sun zama masaukin mata da yara masu gudun hijira. Ran 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ba a sako su ba sai bayan kusan mako guda. Ƙanƙara ba nisa gare ta da Safana ba, kuma babu uban da ya ji wannan labari bai dubi ɗansa ba. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka datse a yankin don yaƙi da ɓarayin daji. Wanda bai kwana da irin wannan fargaba ba bai kamata ya yi saurin zargin wanda ya kwana da ita ba.

Uba Ne Farkon Wanda Aka Ba Amana

Duk da haka, shari'a ba ta bar maganar a buɗe ba. A aya ta 6 ta Suratut Tahrim Allah Ya umurci muminai su tsare kawunansu da iyalansu daga wuta, malaman tafsiri kuwa sun bayyana cewa tsarewar ita ce koyarwa da ladabtarwa. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kamanta kowane mutum da makiyayi wanda za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ya ambaci shugaba, ya ambaci magidanci a cikin iyalinsa, ya ambaci mace a ɗakin mijinta. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Ihya'u cewa yaro amana ne a hannun mahaifansa, kuma zuciyarsa tana karɓar duk abin da aka zana mata. Littafin Risala ma, wanda babu zauren malami a ƙasar Hausa da ba a karanta shi, Ibn Abi Zaid ya wallafa shi ne domin a koya wa ƙananan yara.

Wani zai ce wannan duk maganar karatun addini ce, ina ruwanta da firamare? Amsa ita ce, lalle sanin tauhidi da tsarki da salla shi ne kan gaba, kuma babu makarantar da za ta ɗauke wa uba wannan. Amma iya karatu da rubutu ba kayan wata al'umma ba ne. Malaman tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Badar, fursunonin Kuraishawa da ba su da dukiyar fansa an karɓi fansarsu da koya wa yaran Madina rubutu, alhali masu koyarwar ba Musulmi ba ne. Annabi kuma ya umurci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu. Gazali ɗin nan ya lissafa ilimin magani da na lissafi cikin farillan kifaya, watau waɗanda in gari duka ya bar su, gari duka ya yi laifi. Rabon gado ba ya yiwuwa sai da lissafi, haka fitar da zakka. Manomin da bai iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin feshi ba yana iya halaka gonarsa ko iyalinsa. Uwar da ba ta iya gane awon maganin jariri ba tana cikin hatsari. Abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne, kamar yadda malaman usulu suka ƙa'idance.

Uzurin Tsoro Da Iyakarsa

To, ina matsayin uban da ya hana ɗansa zuwa makaranta don tsoron 'yan bindiga? Malamai sun ce shari'a ta zo ne don tsare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Ilimi yana cikin tsare hankali, rai kuwa yana gabansa a jeri. Saboda haka ranar da aka sami labari mai ƙarfi cewa ɓarayi suna kusa, ko hanyar makaranta ta ratsa inda ake tare mutane, uban da ya riƙe ɗansa a gida bai yi laifi ba. Wanda ma ya tura shi da gangan cikin halaka shi ne abin zargi.

Amma fa malaman da suka ce larura tana halatta abin da aka hana, su ne kuma suka ce ana auna larura gwargwadonta. Wanda aka yarje wa taimama don rashin ruwa, da zarar ruwa ya samu taimamarsa ta ƙare. A nan ne ya kamata kowane magidanci ya yi wa kansa hisabi tsakaninsa da Ubangijinsa. Idan hanyar da aka ce tana da hatsari ga yarinya mai ɗauke da littafi ita ce dai hanyar da take bi da farantin talla har bayan magariba, to ba tsoro ne ya hana ta karatu ba. Idan yaron da aka ce ba zai je aji a tsakiyar gari ba shi ne ake turawa gonar bakin daji tun da asuba, to uzurin ya zama riga ce kawai da aka yafa wa son rai. Allah kuwa ba a ɓoye Masa abin da ke cikin ƙiraza.

Har ila yau, ko inda tsoron gaskiya ne, abin da ya faɗi shi ne hanya guda ta sauke nauyin, nauyin kansa yana nan. Wanda ya yi hijira zuwa Batsari ko Dutsin-ma ko birnin Katsina, akwai firamare a inda ya sauka, kuma neman wa yaro gurbi a cikinta yana cikin abin da ya wajaba ya fara yi bayan abinci da makwanci. Inda makaranta ta rufe ɗungum, ba a rasa wani ɗan gari da ya gama sakandare wanda za a iya tara masa yara a zaure, a haɗa masa ɗan abin sabulu. Yaron da aka ce ya jira sai ƙasa ta lafa, shekarunsa ba sa jira. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda Ya Ba Da Kiwo Yakan Leƙa Garke

Saura mai cewa ya kai yaro makaranta, don haka ya fita. Bahaushe in ya ba da saniyarsa kiwo ba ya shekara shida bai je ya gan ta ba. Yakan tambayi ko ta ci, ko ta haihu, ko ta rame, in ya ga abin da bai gamshe shi ba ya yi magana. Abin mamaki ne a ce mutum ya fi sanin halin da tunkiyarsa ke ciki bisa ga halin da ɗan cikinsa ke ciki a aji. Malami wakili ne, wakilci kuwa ba ya cire mai abu daga abinsa.

Ba hujja ba ce uba ya ce shi bai yi boko ba. Wanda bai iya karatu ba yana iya buɗe littafin yaro ya ga ko shafukan suna ƙaruwa, ko akwai jan biron malami a ciki. Yana iya miƙa masa takardar asibiti ya ce karanta mini. Yana iya sa shi ya lissafa kuɗin tiya bakwai na gero. Yana iya tsayawa a bakin makaranta sau ɗaya a wata ya gaisa da hedimasta, ya ga malamai nawa suka zo. Akwai kwamitin iyaye da malamai, akwai kuma kwamitin gari na kula da makaranta da ake kira SBMC, waɗanda sau da yawa in an kira taronsu mutum biyar ba sa cika. Malamin da ya san iyaye suna lura ba ɗaya yake da wanda ya san babu mai tambaya ba. Kuma jama'ar da ke iya haɗa hannu su yi wa masallaci daɓe da rufi, ba za su kasa mayar da kwanon aji guda ba kafin hukuma ta waiwayo.

Haƙƙin Da Ke Kan Malami

Wannan ba ya wanke malami. Aikinsa ijara ce, an ɗauke shi don sa'o'i sanannu a kan lada sananne. Tun ƙarni na uku na Hijira Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan kuma ɗan mai Mudawwana, ya rubuta littafi kan ladubban masu koyar da yara. A ciki ya wajabta wa malami daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya hana shi shagala da wani abu a lokacin karatu, ya hana shi aiken yara cikin bukatun kansa, ya kuma iyakance horo, ya hana duka cikin fushi da dukan fuska. Malamin da ke sa hannu a rajista ya wuce kasuwa, ko ya kwashi yara zuwa gonarsa, ya duba Suratul Muɗaffifina, inda aka yi narko ga masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Albashin da aka karɓa cikakke a kan aikin da aka yi rabi, akwai haƙƙin yara a cikinsa, kuma yara ne da ba su san ma an cuce su ba balle su yafe.

Amma shi ma malami yana da haƙƙi. Ba a tura mutum ƙauyen da ke bakin daji ba tare da tsaro ko wurin kwana ba, sa'an nan a zarge shi da gudu. Ba a riƙe masa ƙarin girma shekara da shekaru a ce ya koyar da zuciya ɗaya. Iyayen da ke ganin malamin firamare a matsayin wanda ya rasa abin yi, suna faɗin haka a gaban 'ya'yansu, su ne kuma ke rushe kwarjinin da zai koyar da shi.

Haƙƙin Da Ke Kan Hukuma

Hadisin kiwo da shugaba ya fara. Dokar 2004 ta tanadi gargaɗi, da tara, har da ɗauri ga uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta. Ita dai wannan doka ta ɗora wa gwamnati samar da karatun kyauta, ta kuma ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don taimaka wa jihohi, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata rabon. Wanda ya wajabta wa talaka abu, wajibi ne ya share masa hanyar yinsa. Jami'in da aka ba kuɗin gina aji ya gina wanda damina ɗaya za ta kayar, da wanda ya sa sunan ɗan'uwansa cikin malamai alhali bai taɓa riƙe alli ba, da mai duba makarantu da ke rubuta rahoto daga ofis, duk sun ci amanar marayu da 'ya'yan talakawa, domin masu hali sun daɗe da kwashe nasu zuwa makarantun kuɗi. Tsare rayukan ɗalibai kuwa aiki ne da babu mai iya shi sai hukuma.

'Ya'ya Mata Da 'Ya'yan Daji

Kashi biyu na yara sun fi kowa shiga wannan rashi. Na farko 'ya'ya mata, waɗanda su ake fara cirewa in abu ya yi tsanani. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke bin ƙauyuka suna karantar da mata. Magidancin da ba ya son namiji ya duba matarsa a asibiti, ya tambayi kansa daga ina likita mace za ta fito in kowa ya cire 'yarsa daga aji huɗu.

Na biyu yaran da ke tashi a rugage da lungunan daji. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, amma yara masu yawa sun girma ba su ga allo ba, ba su ga aji ba. Ba kowane marar ilimi ne ke zama ɓarawo ba, kuma jahilci ba ya wanke mai kisan kai. Sai dai wanda ke riƙe da bindiga yau, jiya yaro ne da babu wanda ya neme shi. Garin da ya bar yaran yau haka, don tsoron abin da yaran jiya suka zama, yana shuka irin abin da yake gudu.

Amsar Tambaya

Daga abin da ya gabata, amsar ta fito. Alhakin yaro ba kamar gado ba ne da za a raba kowa ya ɗauki tumuninsa ya tafi. Kowa za a tambaye shi cikakkiyar tambaya a kan abin da ke cikin ikonsa. Ba za a tambayi uba dalilin da ya sa ba a kori ɓarayi daga daji ba, amma za a tambaye shi ranakun lafiya da ya tura yaro talla. Ba za a tambayi malami kwanon da iska ta yaye ba, amma za a tambaye shi sa'o'in da ya karɓi ladansu bai tsaya ba. Mai mulki kuwa za a tambaye shi kwanon, da hanyar, da malamin. Gazawar ɗaya ba ta zama uzurin ɗaya, kamar yadda rashin adalcin liman ba ya ɗauke wa mamu salla.

Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, amma abin da zai iya ɗin ba a yafe shi da ambaton laifin wani. Magidancin da ya karanta wannan, ko aka karanta masa, yana iya farawa da abu guda a wannan mako: ya kira ɗansa ko 'yarsa bayan sallar isha'i, ya ce a ɗauko littafin makaranta a karanta masa shafi ɗaya. Abin da ya ji shi zai nuna masa inda zai dosa da safe.

Allah Ya zaunar da ƙasar Batsari da Safana da sauran ƙasashen Musulmi lafiya, Ya mayar da masu hijira gidajensu, Ya shiryi zuriya, Ya ba iyaye da malamai da shugabanni ikon sauke amanar da ke wuyansu. Allah ne Mafi sani.